Akwalar da Dogo Ya Kawo wa Baba

Sallama gare ku duka, masu tausaya mini da masu zagina, ba na ware kowa. Na karanta abin da kuka rubuto. Wadda ta ce in rabu da shi in huta, na gode, sai dai ba ke kike kwana da zuciyata ba. Shi kuma wanda ya ce ƙarya nake shararawa, wai babu namijin da zai zauna a ƙasar mutane yana kankare tsatsar tsohuwar mota saboda mace, to ya gyara zama. Motar ta iso yau ɗin nan.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, mu biyu ne a gidanmu, Yaya da ni auta. Babanmu tsohon direba ne. Ƙuruciyarsa kaf ya ƙare ta yana jigilar masu haƙar rijiyar burtsatse a dazuzzuka, cikin wata koriyar motar daji mai rufin tamfol, irin wadda ake ɗora wa tayar safaya a kan bonet. Kamfanin ya mutu, aka yi gwanjon motar, amma Baba bai taɓa binne ta ba. Mun tashi muna jin labarinta kamar wata gwaggonmu da ta rasu kafin a haife mu: yadda ta ratsa kogi ruwa har gwiwarsa, yadda ta jawo tirela daga taɓo, yadda ba ta tashi da safe sai ya gaishe ta.

Wanda nake so kuwa, Dogo ake ce masa. Ɗan mai facin taya ne na bakin layinmu. Tun yana ƙarami shi ne mai zama a gaban Baba baki buɗe yana sauraron labarin motar nan, lokacin da mu 'ya'yan gida muke sulalewa. Ya zama bakanike, ya samu hanya ya ƙetare teku zuwa wata ƙasa mai sanyi, yana aiki a garejin da ake tayar da tsofaffin motoci daga kabari. Yaya ba ya ko kama sunansa. Ɗan Bola yake ce masa.

Wata rana ina yanka albasa wayata ta yi ƙara.

"Auta, na gan ta."

"Ka ga wa?"

"Tsohuwar budurwar Baba."

Sai hoto ya shigo, na wata mota irin ta Baba sak. Jama'a, da kun gani da kun yi mini jaje. A rumfar dabbobin wani tsohon manomi ya tsince ta, kaji sun yi ƙwai a kan kujera, ciyawa ta fasa ƙasanta ta tsiro har tana leƙowa ta taga, bushiya kuma ta haihu a ƙarƙashin bonet. Manomin ya ce ba zai sayar ba sai Dogo ya yi masa alkawarin ba za a yanka ta a auna ƙarfenta ba. Dogo ya yi alkawari, sannan ya ƙi janye ta sai da 'ya'yan bushiyar suka yi ƙafa suka tafi. Ku faɗa mini, wace mace ce za ta ji wannan ta iya barci?

Daga nan na zama 'yar leƙen asiri a gidan ubana. Shi yana can bayan an tashi aiki yana kwance ta ƙusa-ƙusa, sanyi ya farfasa masa yatsu, ni kuma ina nan ina sato masa bayani.

"Baba, wai wane irin kore ne da motar nan taku?"

"Koren ganyen da aka tsinka jiya."

In rubuta wa Dogo haka, ya turo mini alamar mai kuka. "Auta, a shagon fenti babu ganyen jiya." Amma ya haɗa, ya sake haɗawa, har ya samu. Hon ma haka muka yi. Baba ya ce kukanta kamar tunkiya mai mura. Dogo ya riƙa ɗauko muryar hon iri-iri yana turowa, ni kuma in kunna a kusa da Baba kamar bisa kuskure, ina satar kallon kunnensa. Ranar da ya ajiye kofin shayi ya waiwaya wajen ƙofa, na ruga ɗaki na rubuta, "Shi ne! Kada ka taɓa shi!"

To yanzu sai na faɗa muku abin da ba a faɗa a gidanmu. Bayan tafiyar Dogo, wata safiya Baba ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Allah ya tashi kafaɗarsa, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun hagu bai dawo ba. Tun ranar da aka sallamo shi ya zura hannun a aljihu, kuma babu wanda ya isa ya ambata. Ba doka aka kafa da baki ba, haka kawai gidan ya koya. Umma ta kwashe rigunansa ta zurfafa duk aljihunan hagu. Shayi a gauraye ake kawo masa, burodi a yayyanke, takalma masu igiya suka ɓace daga gidan kamar ba a taɓa sayen su ba. In baƙo ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Zazzaɓi ne, ya warke." Ita na ba Dogo ni ma. In ya kira ta bidiyo ya gaishe shi, Baba yakan zauna ɗas, hannu a aljihu, kamar wani babban ma'aikaci.

Yaya ne ya sayar da ƙaramar motar Baba a lokacin, ya ce likita ya hana, ya yi alkawarin sabuwa mai sa wa kanta giya da zarar abubuwa sun daidaita. Har yau abubuwan suna kan hanya.

Da aka loda motar a jirgin ruwa, dole na buɗe baki. Na bari sai da aka taru a falo bayan abincin rana. Gwaggo tana nan, yayar Baba, wadda takan zo kwana biyu ta yi wata. Na durƙusa gefen kujerar Baba na faɗi irin motar da Dogo ya aiko masa.

Yaya ne ya fara tuntsirewa da dariya. "Akwala? Mutane suna aiko wa iyaye mota mai sanyi, shi shara ya yi musu a can ya loda mana a jirgi? Ko sun hana zubar da bola ne a ƙasar?"

"Ni ba motar ce ta dame ni ba," in ji Gwaggo, tana gyara tabarau. "Direba, ka buɗe kunnenka. Ɗan mai faci ba kyauta yake yi ba, wurin liƙewa yake nema. Ranar da ka karɓi makullin nan ka ba da 'yarka, ko ka furta ko ba ka furta ba."

"To ai shi ke nan, Gwaggo," na ce ƙasa-ƙasa.

"Ku ji mini yarinya! An wanke ido da sabulu! Ke uwarta, kina ji kin yi shiru?"

Umma ta ci gaba da ninke tsumman da ta riga ta ninke.

Baba bai kalli kowa ba. "Wane launi ce?"

"Koriya, Baba."

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "To ku ji. Ni ban taɓa karɓar mota a tsaye ba. Idan na fitar da ita daga get ɗin nan da kaina, na karɓe ta, ita da wanda ya kawo ta. Idan ban fitar ba, ya kwashi kayarsa, kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Yaya ya buɗe baki, ya tuna abin da ba a faɗa, ya rufe. Ni kuwa murna ta cika ni. A wurinmu sitiyari a hagu yake, direba da hannun dama yake sa giya, kuma mutumin da yake ba mu labarin yana riƙe sitiyari da gwiwa yana zuba shayi a daji, me zai hana shi fita daga get? Na rubuta wa Dogo, "Ka taho. An gama."

Yau da hantsi suka iso. Tun safe na canza kaya ban san adadi ba. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ga kamar za ni gaisuwar mutuwa, na cire. Na sa ja, Gwaggo ta leƙo ta ce, "Wa za a yanka?" Na ƙare a shuɗiya mai ƙananan furanni da farin mayafi, na shafa turare kaɗan a wuyan hannu, na goge rabi don kada Yaya ya ji.

Saƙo ya shigo. "Mun shigo layi. Gabana faɗuwa yake."

"Nawa ya riga naka isa ƙasa."

Babbar mota ce ta ɗauko ta, a lulluɓe da tamfol. Kafin a gama saukewa a turo ta tsakar gida, layinmu ya cika. Tela ya bar keke, mai shago ya bar shago, matan maƙwabta sun jeru a bakin get da 'ya'ya a kafaɗa. Dogo ya diro, ya rame, ya yi haske, yana sanye da wata jaket mai kauri a cikin wannan rana, gumi yana tsiyaya. Idonmu ya haɗu sau ɗaya, na sunkuyar da kai kafin Gwaggo ta kama ni. Ya je ya durƙusa har ƙasa a gaban Baba.

"Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya. Ya hanya?"

"Sannu da zuwa, Ɗan Bola," in ji Yaya, ko hannu bai ba shi ba. "Ka cire bargon nan mana, ko so kake a san daga waje kake? Buɗe mana gawar mu yi mata addu'a."

Dogo ya yi murmushin yaƙe, ya kwance igiya, ya ja tamfol.

Wayyo, 'yan'uwa. Gani ya kori ji. Koren ganyen jiya ne sak. Fitilunta zagaye kamar idon saniya, tayar safaya a kwance a kan bonet, ƙarfen gabanta baƙi wuluk, ko'ina yana ƙyalli amma ba ƙyallin sabon abu ba, irin na tsohuwar da ta yi wanka ta sha mai. Wani ƙamshi ya tashi, na baƙin mai da sabon tamfol da ɗan warin tumaki da Dogo ya ce ya wanke ya gaji ya ƙyale. Mutane suka ɗauki sowa. Tela ya ce, "Kai! Wannan ai ta girmi ubana!"

Baba ya miƙe a hankali. Ya nufi motar. Ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan bonet kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya bi gefenta yana shafawa, leɓensa yana motsi. Na san gaishe ta yake. Umma ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi. Ya zagaya ɓangaren hagu, inda direba yake shiga, ya buɗe ƙofa.

Babu sitiyari.

Kujera ce kawai, da ƙarfen riƙewa. Sitiyarin yana can ɗaya ɓangaren, a dama, sandan giya kuma dogo a tsakiya, a hagun direba.

Sai na tuna. Hotuna nawa ya turo mini? Bidiyo nawa? Yana zaune a ciki, yana kwance a ƙasanta, yana rungume da sitiyarin nan yana dariya. Ku zage ni, na cancanta: a duk hotunan nan fuskarsa nake kallo.

Dogo bai san dawar garin ba. Ya matso da fara'arsa. "Baba, ta nan ne. Haka motocin ƙasar suke, giya a hannun hagu. Ban so in juya ta ba, na bar ta yadda aka haife ta. Ku da kuka ratsa kogi, wannan ai wasa ne a wurinku."

Baba yana tsaye, hannu a aljihu, yana kallon sandan giyar.

Ban ga lokacin da Yaya ya taso ba. Sai dai na ga ya ci kwalar jaket ɗin Dogo ya haɗa shi da jikin motar.

"Wasa? Ubana ne abin wasanka? Ka tara mana gari don ka tozarta shi?"

"Yaya, me na yi?"

"Kada ka ce mini Yaya, ba uwa ɗaya ta haife mu ba! Munafuki! Kai da wannan marar kunyar kuna manne a waya dare da rana, za ka ce ba ta faɗa maka ba?"

"Faɗa mini me?"

"Ka sake shi, Yaya!" na ce. "Wallahi bai sani ba!"

"Rufe mini baki!" Ya juya ga Dogo, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ɗaga murya yadda har na bakin titi zai ji. "Ka san hannunsa na hagu ya mutu! Ka san ko cokali ba ya ɗauka da shi! Shi ne ka kawo masa motar da sai da shi za a tuƙa!"

Baki shi ke yanka wuya. Tsakar gidan ta yi tsit, har ina jin kukan fankar falo. Wataƙila maƙwabta sun daɗe da sani, wataƙila tela ma da yake ɗinka masa kaya ya sani, amma ba a taɓa faɗa ba. Umma ta dafe ƙirji. Gwaggo ta cire tabarau ta kawar da kai. Shi kansa Yaya ya saki kwalar a hankali, yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba.

Dogo ni ya kalla. Ba zan manta kallon nan ba. Ba fushi ba ne, da fushi ne da na ji sauƙi. Kallon wanda ya yi shekaru yana ƙwanƙwasa ƙofa ne, sai yau ya gane ashe ta ciki aka sa sakata.

Baba ya rufe ƙofar hagu a hankali. Ya zagaya ta gaba, mutane suna darewa. Ya buɗe ta dama, ya kama ƙarfe da hannu ɗaya, ya ɗaga kansa ya hau, ba wanda ya yi gigin tallafa masa. Ya gyara zama. Ya gyara madubi. Makullin yana jiki, ya murɗa.

Ta yi tari sau biyu, ta kama. Wata irin murya mai kauri, gur-gur-gur, har ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. Baba ya lumshe ido.

Sai ya taka kuloci har ƙasa, ya riƙe sitiyari da hannun dama, ya zuba wa get ido. Ya tsaya a haka.

Ku fahimce ni. Zai iya sakin sitiyarin ya karkace ya ƙetara jikinsa da hannun dama ya laluɓo giyar. Amma yin haka a gaban duk layi daidai yake da ya sa hannu a kan abin da Yaya ya faɗa. Kuma ba zai ce wani ya taimake shi ba, ko sama da ƙasa za su haɗe. Mutumin da bai taɓa cewa a yanka masa burodi ba? Injin yana kuka, ƙafarsa tana kan kuloci, na ga gwiwar ta fara rawa. Aurena ne yake rawa a gwiwar nan, ina kallo.

"Direba, sauko," in ji Gwaggo, muryarta ta yi laushi. "Sauko, ka ji. Ya kwashi tsiyarsa."

Baba ko gezau.

Dogo ya cire jaket ɗin ya yar a ƙasa. Bai nemi izinin kowa ba. Ya zagaya, ya buɗe ƙofar hagu, ya shiga ya zauna, ya rufe. Bai kalli Baba ba, shi ma get ya zuba wa ido, kamar fasinjan da ya biya kuɗinsa. Sai hannunsa ya sauka a kan sandan giya. Ƙwas.

"Sauko daga nan!" Yaya ya daka tsawa. "Sauko kafin in jawo ka!"

Baba ya juyo da kai a karo na farko. Ya dubi Yaya daga sama har ƙasa.

"Kai mai shela," ya ce. "Buɗe mini get."

Ban taɓa ganin Yaya ya ƙanƙance haka ba. Ya je ya ture sauran ɓangaren get ɗin, mutane suka watse gefe. Baba ya saki kuloci a hankali, ko girgiza ba ta yi ba, ta mirgina ta fita kamar amarya. A bakin layi na ji injin ya ɗaga murya, ya ɗan yi shiru, ƙwas, ya sake kamawa. Ƙafar wani, hannun wani, ba wanda ya ce wa wani uffan. Suka sha kwana suka ɓace, sai ƙurar da suka bari.

Na zaci an gama. Ashe yanzu aka fara.

Yaya ya kori mutane kamar kaji, ya jawo get ya rufe, ya ɗauko ƙaton kwaɗo ya datse, ya jefa makullin a aljihu. Ya juyo kaina.

"Kina murna ko? To ki shanye ta. Cewa ya yi da kansa. Wannan ba da kansa ba ne, da hannun Ɗan Bola ne. Sharaɗi bai cika ba."

"Shi ya tuƙa, kowa ya gani."

"Kowa ya ga an mayar da ubanki abin kallo! In ya afka rami fa? In ciwon ya taso masa a kan titi fa? Ke za ki ɗauko shi? Ni na ɗauke shi daga banɗaki, ni na kwana a asibiti, lokacin kina ɗaki kina yi wa waya murmushi!"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Amma bakina ya riga hankalina. "Ni dai ban tsaya a tsakar gida na yi masa shela ba."

Ya ɗaga hannu. Umma ta shiga tsakani, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ka taɓa ta ka gani," ta ce, ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ya sauke. Gwaggo ta zauna a kan bokitin da aka kifa tana salati, tana cewa duk laifin waya ne, da can 'yan mata ba su san hon ba.

Na shige ɗaki na faɗa kan gado da mayafina. Rana ta karkata, inuwar taga ta hau bango, ba su dawo ba. Na kira, ba a ɗauka ba. Sai can saƙo ya shigo.

"Mun bar kwalta tuntuni. Yanzu muna bakin wani rafi. Ya sauka yana kallon ruwa."

"Lafiyarsa ƙalau? Me ya ce maka?"

"Bai ce mini komai ba tunda muka fita. Ƙafarsa kawai nake saurare."

Na fara rubuta godiya, wani ya shigo.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ba a faɗa, Dogo. A gidanmu ba a faɗa."

"Wa bare ba a faɗa wa."

"Ba haka ba ne."

"Da kin ce mini kalma ɗaya, da na juya sitiyarin tun a can. Kin bar ni na tsaya a gaban mutane ina ce wa dattijo wasa ne. Launin fenti kin sato mini, kukan hon kin sato mini. Wannan ne ya fi ƙarfinki?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Me zan ce? Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Daga nan shiru. Masu cewa in rabu da shi, wataƙila ma shi zai riga ni.

Rana ta kusa faɗuwa na ji ta. Tunkiya mai mura, daga bakin layi. Na fito a guje ba takalmi. Yaya yana tsaye a bayan get, ya harɗe hannu. Ta tsagar ƙarfe na hango ta, taɓo har rabin ƙofa, wani reshen ƙaya ya maƙale a rufin tamfol yana reto. Baba yana kan sitiyari, hularsa ta karkace, fuskarsa ta yi wani irin haske da ban sani ba. Dogo yana gefensa, ido a gaba.

Hon ya sake kuka.

"Baba," Yaya ya ce ta cikin get, bai ko sassauta ba, "ya sauka, in buɗe muku. Shi ba zai shigo gidan nan ba. Kun ce da kanku za ku fitar, kuma ba da kanku kuka fitar ba. Ni ba zan zuba ido a kashe ku saboda akwala ba."

"Ka buɗe wa ubanka ƙofa, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Ka ga maƙwabta sun sake fitowa."

"Su fito!"

Injin yana ta gur-gur. Ba wanda ya motsa. Na ga Baba ya gyara hularsa, ya mayar da hannu kan sitiyari.

"Ɗana," ya ce.

"Na'am, Baba," Yaya ya amsa da sauri.

"Ba da kai nake ba."

Na ga bayan Yaya ya sandare. Baba bai ko ɗaga murya ba, kuma wannan ne karo na farko tun faɗuwarsa da na ji ya nemi wani ya yi masa abu.

"Ɗana, akwai ƙaramin sanda a gefen giyar nan, wanda ake ja in za a hau dutse ko a ture kututture. Ja mini shi. Sa mata giyar ƙarfi."

Dogo ya waiwayo ya dube shi, ya dubi get, sannan idonsa ya same ni ta tsagar ƙarfe. Bai yi murmushi ba. Hannunsa ya sauka.

Muryar injin ta canza, ta koma can ƙasa kamar gurnani. Motar ta taho taku-taku, a hankali fiye da tafiyar tsohuwa, har baƙin ƙarfen gabanta ya taɓa get ɗin. Kwaɗon ya miƙe. Ƙarfe ya fara kuka, siminti yana zubowa daga jikin ginshiƙi.

"Yaya, makullin!" na ce. "Don girman Allah, makullin!"

Ya ciro shi daga aljihu, ya damƙe a tafin hannu, ya juya ya jingina bayansa da get ɗin, ya ƙi buɗewa.